RUMBUN SANIN MUTUM-MUTUMI DA TSARON ƘOFARSA



Mutum-mutumi, duk ƙarfin hannunsa, jahili ne in ba a sanar da shi ba. Kafin ya kawo maka kofin shayi, dole ya san mene ne kofi, ina ake ajiye shi, da kuma cewa in an kife shi shayin zai zube. Irin wannan sani ne ake tarawa a wata babbar kwamfuta, wadda za mu kira rumbun sani. Misalinsa shi ne KnowRob, wanda Moritz Tenorth da Michael Beetz suka fara ginawa a birnin Munik na Jamus. A shekarar 2014 kuma, a Jami'ar Eindhoven ta ƙasar Holan, shirin RoboEarth ya nuna mutum-mutumi huɗu a wani ɗakin asibiti na gwaji, abin da ɗaya ya gano sauran su ɗebo daga rumbu guda.

To, rumbu yana ɗakin bincike, mai bincike kuwa yana wani gari. Yaya zai isa gare shi? Matakai uku ne. Na farko, a yi amfani da SSH, hanyar da Tatu Ylönen na ƙasar Finlan ya ƙirƙiro a 1995. Za ka yanka makullai biyu: na fili ka ajiye a rumbun, na sirri ya zauna a kwamfutarka, sa'an nan a hana shiga da kalmar sirri kaɗai. Na biyu, ƙofar da rumbun ke amsa tambayoyi, kamar ta rosbridge mai lamba 9090, kada a buɗe ta ga intanet. A bar ta tana sauraron cikin gida, kai kuwa ka iske ta ta cikin SSH. Na uku, a bambanta mai karatu da mai rubutu. Wanda ya iya sauya abin da ke rumbu ya iya sa mutum-mutumi ya ɗauki wuƙa a matsayin cokali.

Kada ku zaci tsoro ne na banza. A 2018 masu bincike na Jami'ar Brown ta Amurka sun laluba intanet, suka tarar da kwamfutoci fiye da 100 masu tafiyar da manhajar ROS ta sarrafa mutum-mutumi, ƙofofinsu a wangale. Har suka motsa wani mutum-mutumi da ke wata jami'ar daga nesa, da izinin masu shi. Dalili kuwa, ROS ta farko ba ta tambayar mai shigowa ko wane ne.

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Saboda haka, ranar da aka damƙa wa ɗayanmu irin wannan aiki, ya fara gyara ƙofa kafin ya zuba hatsi.