Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Fasahar Na'urorin Awo Marasa Waya



Ku ɗaliban da muke yayewa, aikin da kuka koya na ƙananan na'urori ne da ake bazawa a gona ko gaɓar kogi, su auna danshin ƙasa ko hawan ruwa, su turo labari ta iska. Ran kowacce yana cikin batirinta. Abin da ya fi cinye batirin kuwa shi ne aika saƙo, ya ɗara awo da lissafi nesa ba kusa ba. Gwani a wannan fanni shi ne wanda ya iya rage wa na'ura surutu.

A 2000 Wendi Heinzelman da abokan aikinta a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da tsarin LEACH. Ana raba na'urorin unguwa-unguwa, kowace unguwa da shugabarta. Ita ke karɓar rahoton maƙwabta, ta dunƙule shi, ta aika wa babbar tasha saƙo guda. Da yake shugabancin na saurin ƙarar da batiri, sai aka mai da shi karɓa-karɓa. Ina ganin hikimar tsarin a nan take. Ku kuma kula da na'urorin da ke dab da tasha: in ana miƙa saƙo hannu da hannu, su ke ɗaukar kayan kowa, su ne kan fara mutuwa. Wadda ba ta da sabon labari, a bar ta ta yi barci.

Lissafin takarda kaɗai bai isa ba. A 2002 masu bincike sun dasa irin waɗannan na'urori a tsibirin Great Duck na jihar Maine don lura da sheƙar tsuntsayen teku, danshi ya kashe wasu na'urorin tun kafin lokacinsu. Mu namu gwajin shi ne zafin bazara, da ƙurar hunturu mai lulluɓe faifan sola.

Manomin rani a Kadawa, mai jiran ruwan dam ɗin Tiga, yana bukatar sanin ranar da tumatirinsa ke jin ƙishi. Mutanen Haɗeja da suka sha ambaliyar 2022 suna bukatar gargaɗi tun ruwa bai iso ƙofa ba. Don Allah, 'ya'yana, ku fita fili ku yi musu wannan aiki.

Yanzu sai a kira sunaye, a miƙa takardun shaida.