Ɗan'uwan Da Ya Daina Fitowa: Bayani Kan Ciwon Tsoron Fita

'Yan'uwa, maganata ta yau a kan wani ciwo ce da muke yi wa mai shi mummunar fassara.

Za ka ga saurayi lafiyayye ya fara gudun tsakiyar sahu, sai bakin ƙofar masallaci. Can sai ya daina hawa bas. Daga nan kasuwa ta gagare shi, Juma'a ma ta gagare shi. Mu kuma sai mu ce wane ya yi sanyi, ko mu ce iska ta taɓa shi.

Likitoci suna kiran wannan ciwo agorafobiya, daga Girkanci: agora dandalin kasuwa, fobos tsoro. Wani likitan Jamus, Carl Westphal, shi ya raɗa sunan a 1871, bayan ya duba wasu maza uku da tsallaka fili a birnin Balin ya gagare su. Maza fa, 'yan'uwa! Ko da yake ya fi kama mata, kuma galibi yana farawa kafin shekara 35.

To amma ba kasuwar yake tsoro ba. Sau da yawa abin yana farawa da firgici na farat ɗaya: gaba ya faɗi, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, gumi ya karyo, numfashi ya yi sama-sama, mutum ya sakankance mutuwa ce ta zo. Alhali jiki ne ya yi shirin gudun haɗari ba tare da haɗarin ba. Saurin numfashin ma shi ke ƙara jirin. Cikin kamar minti 10 abin ya kai ƙarshen ƙarfinsa, sannan ya fara lafawa. Abin da ya rage shi ne fargabar kada ya sake kama shi inda babu mafita ko mataimaki.

Ga inda tarkon yake. Duk ranar da ya fasa fita sai ya ji sauƙi, sauƙin nan kuma shi ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa zaman gida ne ya tsirar da shi. Gobe tsoron ya ƙaru. Mu da muke yi masa kowane aike don tausayi, wallahi tarkon muke taya shi ɗaurewa.

A ƙa'idar da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ana duba abubuwa biyar: motar haya, buɗaɗɗen fili, rufaffen wuri, layi ko cunkoso, da fita shi kaɗai. Idan biyu daga ciki suna firgita shi har wata 6, abin ya zama na likita.

Ana samun sauƙi sosai. A fara da asibiti, a tabbatar ba zuciya ba ce ko asma. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano da Kware ta Sakkwato, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Addu'a ba ta hana neman magani. Ya rage goro da kofi, kada kuma ya sayi ƙwayar barci a kemis, don tana kama jiki.

Babban maganin shi ne fuskantar wurin sannu-sannu, bisa tsarin likita. Yau ka raka shi bakin layi, ku tsaya har bugun zuciyar ya sauka da kansa kafin ku juyo. Jibi masallacin unguwa. In ya saba, sai ka riƙa binsa daga nesa, har ranar da zai je shi kaɗai.