Sandararren Yatsa Na Gado: Jawabi A Taron Ƙungiya



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwana 'yan kasuwa na Wuse da Garki da Dei-Dei, da waɗanda suka taso tun daga Karmo da Gwagwa da Zuba, barkanku da zuwa. Allah ya saka da alheri.

Kwamitin jin daɗin jama'a ne ya ɗora mini wannan magana, saboda abin da ya faru a cikinmu kwanakin baya. An kai kuɗin gaisuwa, har an sa rana, sai wata gwaggon yarinya ta lura yatsun yaron guda biyu ba sa lanƙwashewa, ta bincika ta ji haka na mahaifinsa suke. Kafin ka ce kwabo magana ta zaga unguwa, wai gidan kutare ne. Aka mayar da kaya. To jama'a, abin da ke hannun yaron nan yana da suna, likitoci sun san shi fiye da shekara 100, kuma babu abin da ya haɗa shi da kuturta.

Kowa ya buɗe tafin hannunsa ya duba. Kowane yatsa ƙashi uku ne a jere, ban da babban yatsa mai ƙashi biyu. A tsakanin ƙashi da ƙashi akwai gaɓa, kuma a kan kowace gaɓa za ka ga zane a fata, wanda muke bi muna ƙirga tasbihi. To akwai mutanen da tun suna ciki gaɓar tsakiya ba ta tsagu ba, ƙashi biyu suka haɗe suka zama sanda ɗaya. Yatsan yakan tsaya miƙe, fatar wurin sumul, babu zanen nan. Ya fi kama ƙaramin yatsa da na kusa da shi, babban yatsa kuwa yawanci lafiya lau yake. Mutum yana rubutu, yana ƙirga kuɗi, yana yanka lomar tuwo, sai dai ba ya iya dunƙule hannu sosai. Wasu har a ƙasusuwan wuyan hannu da na idon sawu akan sami irin wannan haɗewa. Likitoci suna kiransa simfalanjizim. Mu dai mu ce sandararren yatsa na gado.

Wanda ya raɗa masa sunan wani shahararren likitan ƙwaƙwalwa ne na Amurka, Harvey Cushing, a 1916, bayan ya bi diddigin wani babban dangi ya ga abin yana saukowa daga kaka zuwa uba zuwa ɗa. A Ingila ma, a 1917, wani likita ya rubuta cewa wani gida sun gado shi ne daga John Talbot, jarumin da aka kashe a yaƙi a Faransa a 1453. Daga baya, a 1967, wasu likitoci suka sake dubawa suka ce hujjar ba ta da ƙarfi. Ashe ba mu kaɗai muke son jingina asalinmu da sarauta ba! Amma ku lura, su abin alfahari suka mayar da shi, mu kuwa mun fasa aure a kansa.

Bambancinsa da kuturta a fili yake. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, tana zuwa ne bayan haihuwa, tana kashe jin jiki har mutum ya ƙone bai sani ba, yatsu kuma su ƙanƙance su lanƙwashe. Ita ma ɗin tana warkewa, maganinta kyauta ake ba da shi tun 1995, ga cibiya nan a Saye kusa da Zariya. Sandararren yatsa kuwa da shi ake haihuwar mutum, yana jin zafi da sanyi kamar kowa, kuma ba a ɗauka ko kun shekara kuna cin tuwo a kwano ɗaya. Ɗan'uwansa na kusa shi ne cindo. Wane ne a nan bai san wani Cindo ba? Shi ma sau da yawa gado ne, ka ga uba da yatsa shida, ɗa ma haka, ban kuma taɓa jin an hana Cindo mata ba.

Yanzu bari mu zo kan yadda ake gadonsa, domin a nan ne ake zaluntar mutane. Umarnin ginin jikin ɗan Adam a rubuce yake cikin zaruruwa 46 da ke cikin ƙwayoyin jikinsa, 23 daga uba, 23 daga uwa. A 1999 masana suka gano cewa a kan zare na 17 akwai wata ƙwayar gado da suke kira NOG, aikinta ta tsayar da ƙashi a daidai inda ya kamata a bar gaɓa. Kamar magini ne da aka ce ya bar gurbin ƙofa. In umarnin ya sami tangarɗa, sai ya jera bulo ya toshe wurin. Daga baya aka sami wata ƙwayar ta biyu, GDF5, a kan zare na 20, ita ma tana iya kawo shi.

Mu mun saba da lissafin sikila: sai AS ya auri AS sannan kowane ciki yake da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Wannan ba haka yake ba. Mutum ɗaya ya isa, ko uba ko uwa. In ɗayansu yana da shi, kowane ciki rabi da rabi ne, kamar a jefa kwabo sama. Kwabo kuwa ba ya tuna abin da ya faɗo jiya. Kana iya haifar huɗu duk suna da shi, kana iya haifar huɗu babu ko ɗaya. Namiji da mace duk ɗaya ne. Ɗan da bai gada ba, ba shi da abin da zai gadar wa nasa 'ya'yan. Kuma wani lokaci yakan ɓullo sabo fil a gidan da ba a taɓa ganinsa ba.

Saboda haka, iyayenmu mata, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. A daina cewa uwa ce ta ci wani abu, ko ta fita da tsakar rana, ko an yi mata sammu. A daina kuma ɗora laifin a kan auren zumunci. Akwai cututtukan gado da auren dangi yake ƙara musu ƙarfi, gaskiya ne, amma shi wannan ko daga Borno ka ɗauko mata kai kana Sakkwato, rabin nan yana nan daram.

Abin da ya fi damuna ma ba yatsan ba ne, kunne ne. A can cikin kunne akwai ƙananan ƙasusuwa uku da ke miƙa sauti, na ƙarshensu shi ne mafi ƙanƙantar ƙashi a jikin mutum, bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Tangarɗar da ta haɗe gaɓar yatsa tana iya manne wannan ƙashi ya daina motsi, sai ji ya ragu. Ba kowa yake samun haka ba, amma yana faruwa a gidaje da yawa masu wannan gado. Ka ga yaro a makarantar boko ko Islamiyya ana kiransa bai waiwayo ba, malam ya ce taurin kai ne, ya sha bulala, a gida a ce daƙiƙi ne. Alhali kuwa irin wannan raunin ji yana da mafita, ko da na'urar ji ko da aikin tiyata. Duk yaron da aka haifa da yatsa babu zane, a kai shi gwajin ji tun kafin ya shiga makaranta, a kuma riƙa maimaitawa.

Yatsan kansa a bar shi. Kada a kai wa mai ɗori ya ce zai lanƙwasa da ƙarfi, domin babu gaɓa a wurin, karya ƙashin kawai zai yi. Su kansu likitocin ƙashi ba su cika son taɓa shi ga babba ba, don aikin ba ya yawan ba da motsin da ake nema.

Ina za a je? Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada suna da sashen ƙashi da na kunne. Ga Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ga Cibiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Likita zai duba hannu, ya sa a ɗauki hoton ƙashi, ya tambayi tarihin dangi. A jariri hoton ba lallai ya nuna ba, don wurin guringuntsi ne tukuna, rashin zanen ne shaida. Ku tafi da sunayen waɗanda suke da shi a dangi, da masu raunin ji, har zuwa kakanni. Gwajin ƙwayar gadon kanta da jini ake yi, yana da tsada, sau da yawa ma sai an aika waje, kuma gidaje da yawa ba sa buƙatarsa in alamu sun bayyana. Kada ku rikita shi da gwajin AA da AS da aka saba yi kafin aure, wanda Jihar Kano ta mayar doka a 2024. Wancan bai nuna wannan.

Saura maganar aure. Mu 'yan kasuwa mun san hukuncin mai ɓoye aibin haja. Mutum ba haja ba ne, Allah ya kiyaye, amma amanar ɗaya ce. Mai wannan gado ya faɗa da bakinsa tun kafin a kai kuɗin gaisuwa: ga abin da nake da shi, ga lissafinsa, ga maganar kunne. Dangin yarinya su kuma su tafi tare da shi wurin likita su ji da kunnensu. In sun amince, madalla. In sun ƙi, haƙƙinsu ne, amma su ƙi a kan sani, su kuma kama bakinsu, kada su ɓata wa gidan mutane suna da cutar da ba su da ita.

Kwamiti ya ce duk mai son a raka shi asibiti ya ga sakatare bayan an tashi, ba sai ya ɗaga hannu a nan ba.