'Yan Makarantar Jami'ar Badun: Alƙalaminsu da Muhawararsu

Yau za mu yi magana a kan wata babbar makaranta ta ƙasarmu, watau Jami'ar Badun, garin nan da Yarabawa su ke kira Ibadan. Abin da ya sa muka zaɓi wannan magana, sau da yawa mu kan ji iyaye suna kuka, suna cewa, "Mun aika da yaro neman ilmi, ya komo ba abin da ya iya sai gardama da rubuce-rubuce." To, bari mu duba tare, shin wannan gardama ɓata lokaci ce, ko kuwa tana cikin karatun?

Asalin Makarantar

An buɗe makarantar nan cikin watan Janairu na 1948. Sa'an nan ba a kiranta jami'a sosai, kwaleji ce a ƙarƙashin Jami'ar Landan, daga can a ke ba da takardar shaidar digiri. An fara da 'yan makaranta 104 waɗanda aka kwaso daga Kwalejin Yaba ta Ikko. Ba su tarad da gine-gine masu kyau ba, a wani tsohon asibitin soja aka sauke su, a unguwar Eleyele. Shugabansu na fari wani Bature ne, Dokta Kenneth Mellanby. Sarakunan Badun suka ba da fili aro na shekara 999, ran 17 ga Nuwamba 1948 aka sara ƙasa don fara gini.

A 1960 aka naɗa Dokta Kenneth Dike shugaba, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya riƙe wannan muƙami. A 1962 makarantar ta tsaya da ƙafarta, ta zama cikakkiyar jami'a. Mu mutanen Arewa muna da rabo a ciki, gama ɗaya daga cikin gidajen kwanan 'yan makaranta sunan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello aka sa masa.

Jaridun 'Yan Makaranta

Tun da wuri yaran nan suka ga ba ya isa su zauna su yi ta shan karatu daga bakin malamai kurum. Suka kafa jaridu nasu na kansu. Babba a cikinsu ita ce University Herald, inda a ke buga labaru da shawarwari. Akwai kuma ƙanana, kamar The Bug da The Eagle, waɗanda aikinsu ba'a da zambo. Wanda duk ya cika girman kai, ko malami ko ɗan makaranta, ya kan wayi gari ya ga an taɓa shi a ciki.

Wani yaro daga Gabas, Chinua Achebe, ya shiga a 1948 don ya koyi aikin likita. Da ya shekara guda sai ya ga ba nan zuciyarsa ta ke ba, ya koma ajin Turanci da tarihi da ilmin addini. Saboda haka aka janye taimakon kuɗin makaranta da a ke ba shi. A University Herald ya fara sa alƙalami, ya buga gajerun labarunsa na fari, har ya zama editanta. Ya fita a 1953. A 1958 aka buga littafinsa Things Fall Apart, wanda aka juya cikin harsuna fiye da 50. Ashe da yayyafi kogi kan cika.

A 1958 kuma wani ɗan makaranta, J. P. Clark, ya kafa wata 'yar jarida ta waƙoƙi mai suna The Horn, watau Ƙaho, da taimakon malaminsa Martin Banham. Ba a kai ta wata babbar ma'aikata ba. Da tafireta a ke buga ta, a gurza a inji, a haɗa takardun. Amma a cikinta aka ga waƙoƙin Wole Soyinka da Christopher Okigbo tun duniya ba ta san su ba.

Me yaro ya ke koyo a wannan aiki? Yana koyon ya bincika magana kafin ya rubuta, gama in ya yi ƙarya, gobe abokansa za su tsare shi a ɗakin cin abinci. Yana koyon ya gama aiki a kan lokaci. Yana koyon ya jure in edita ya soke rabin abin da ya rubuta. Waɗannan kuwa ba a rubuta su a allo.

Muhawara

Muhawara dabam, faɗa dabam. Ga yadda a kan yi ta. A kan zaɓi batu guda, a raba mutane kashi biyu, masu goyon baya da masu suka. Akwai shugaba, ba mai buɗe baki sai da izninsa. Kowa a kan yanka masa lokaci, in ya cika sai ya zauna, ko da maganar ta yi masa daɗi. Ba zagi, ba gori. A ƙarshe alƙalai ko 'yan kallo su faɗi wanda hujjarsa ta fi ƙarfi. Wani lokaci ma a kan ba mutum gefen da bai yarda da shi ba, don ya san yadda abokin gardamarsa ya ke tunani.

Wannan hali ya bi su har cikin aji. Achebe ya ba da labari, wata rana malaminsu Bature ya kawo musu littafin Mister Johnson, na Joyce Cary, wanda ya taɓa aikin mulki a ƙasar Borgu. Labarin wani akawu ne baƙar fata a nan Arewa. Malamin yana tsammani za su ji daɗi, tun da labarin ƙasarsu ne. Sai 'yan ajin suka ƙi, suka ce wannan akawu da aka mai da shi wawa bai yi kama da mutanen da suka sani ba. Ba su yi wa malamin rashin kunya ba, hujja suka kawo. Irin wannan ne ya ƙarfafa wa Achebe zuciya ya rubuta labarin mutanensa da kansa.

Daga aji abin ya fita har fagen mulki. Lokacin samun mulkin kai a 1960, Gwamnatin Nijeriya ta ƙulla yarjejeniyar tsaro da Ingila. 'Yan makarantar Badun suka ce wannan 'yanci ne da igiya a ƙafa. Cikin Nuwamba na shekarar suka tafi Ikko, har Majalisa, suka nuna ƙin yardarsu. Waɗansu 'yan siyasa da ma'aikata su ma suka yi ta suka. Cikin Janairu 1962 aka soke yarjejeniyar. Firayim Minista a lokacin Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ne. A 1963 kuwa shi ne aka naɗa Uban Jami'ar na farko. Ku duba, sun saɓa masa a kan magana guda, amma wannan bai raba su ba.

Kada mu ɓoye muku, ba kullum abin ya ke ƙarewa lafiya ba. Ran 1 ga Fabrairu 1971 wata rigima da ta taso a kan sha'anin abinci a wani gidan kwana ta kai aka kira 'yan sanda, aka yi harbi, wani ɗan makaranta, Kunle Adepeju, ya rasu. Sunansa aka sa wa ginin ƙungiyar 'yan makaranta. In aka toshe hanyar magana, ko masu magana suka bar hujja suka kama hayaniya, ƙarshen abin kuka ne.

Waɗanda Suka Fito

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Wole Soyinka ya yi karatu a Badun daga 1952 zuwa 1954, a 1986 ya sami kyautar Nobel ta adabi, shi ne baƙar fata na farko daga Afirka da ya same ta. Flora Nwapa ta fita a 1957, littafinta Efuru ya fito a 1966, ta buɗe wa mata hanya. Emeka Anyaoku ya zama Babban Sakataren Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila daga 1990 zuwa 2000.

Daga Arewa akwai Dokta Ishaya Audu, wanda ya fara koyon likita a can, a 1966 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai Farfesa Iya Abubakar, gwanin lissafi, shi ma ya shugabance ta. Akwai Malam Adamu Ciroma, wanda ya karanta tarihi, ya zama editan jaridar New Nigerian, daga baya Gwamnan Babban Banki. Akwai Farfesa Jibril Aminu, likita, wanda ya fita a 1965, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri, ya yi Ministan Ilmi.

To, jama'a, mun koma kan tambayarmu ta fari. In ɗanku ko 'yarku ta komo hutu tana yawan tambaya, kada ku yi saurin cewa boko ya ɓata ta. Ku saurara tukuna. In zagi ne ko raini, ku tsawata, wannan ba ilmi ba ne. In kuwa hujja ce aka kawo da ladabi, ku amsa da hujja. Mu ma a taronmu na unguwa mu gwada wannan: mutum guda ya yi magana, saura su yi shiru, wanda aka kayar ya karɓa ba fushi. Magana zarar bunu ce, sai a auna ta kafin ta fita.

Allah ya ba mu ilmi mai amfani, ya shirya mana zuriya. Mu kwana nan.