Haƙori Ba Ya Ruɓewa Dare Ɗaya

Jawabin da wata malamar kiwon lafiya ta yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci a Unguwar Talbijin, kudu da kogin Kaduna.

Yau maganarmu a kan haƙora ce da dasashi. Ta shafi kowa, har da wanda ya riga ya yi giɓi. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin mutanen duniya suna da wata cutar baki. Ashe ba mu kaɗai ba ne.

Bari mu fara da maganar tsutsa. A kasuwa ko a tashar mota za ka ga mai magani yana cewa zai cire maka tsutsar haƙori. Ya yi maka turare, ya nuna maka wani ɗan farin abu, ya karɓi kuɗinka. Jama'a, babu tsutsa a cikin haƙori. Ga abin da ke faruwa. Gobe da safe, kafin ka wanke baki, ka kankari haƙorinka da farce. Za ka ga wani farin datti mai danƙo. Ƙwayoyin cuta ne a ciki, waɗanda ido ba ya gani. Abincinsu sukari. In sun ci, sai su fitar da wani ruwa mai tsami. Ruwan nan shi ke cin haƙori a hankali, kamar yadda ruwan sama ke zaizaye katangar ƙasa. Da fari babu zafi. Ran da ka ji zogi, ramin ya riga ya yi nisa.

Saboda haka a rage alewa da biskit da lemon kwalba da shayi mai yawan sukari. Ban ce a daina sam ba, na san ba za ku yarda ba. Amma yaron da ke tsotsar alewa tun safe har yamma ya fi wanda ya sha sau ɗaya bayan cin abinci shiga haɗari. Yawan maimaitawa shi ne ɓarnar.

Dattin nan kuma shi ke kumbura dasashi. In kana goge baki ka ga jini, kada ka bar wurin. Wurin ne ya fi bukatar gugar, amma a hankali. Masu juna biyu da masu ciwon sukari su ƙara kula, domin dasashinsu ya fi saurin kamuwa.

To, yaya ake wankewa? Sau biyu a rana: da safe, da kuma dare kafin a kwanta. Na dare ya fi muhimmanci. In mutum ya yi barci yawu yana raguwa, shi kuwa yawu shi ke wanke tsamin nan. A sami buroshi mai laushi da man goge baki, wanda muke kira makilin. Tunda yanzu kun iya karatu, ku duba jikin kwalin ku ga ko an rubuta Fluoride. Sinadari ne mai ƙarfafa haƙori. A goge waje, a goge ciki, a goge saman turame inda ake tauna, kamar minti 2. In an gama a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa nan take. Bayan wata 3 a sake buroshi. Kowa da nasa, ko miji da mata ne.

Wanda ba shi da kuɗin buroshi fa? Asuwaki yana aiki, ko na darbejiya ne. Sai dai da yawanmu haƙoran gaba kawai muke gogewa, muna tafe muna hira. A tauna bakinsa ya yi laushi, a kai shi har can ƙurya, haƙori bayan haƙori. Gawayi da toka kuwa a bar su. Suna sa fari na ɗan lokaci, amma suna goge ƙarfin haƙori. Masu buɗe kwalba da haƙori, don Allah ku nemi mabuɗi. Taba, ta sha da ta gari, tana lalata dasashi, tana kuma kawo ciwon daji na baki.

Yanzu iyaye mata, ku saurara da kyau. Yaro haƙora 20 gare shi, babba 32. Wasu kan ce haƙoran yaro ai faɗuwa za su yi, me za a wahala? Su ne ke riƙe wa na gaba wuri. Da zarar na farko ya fito, wajen wata 6, a fara goge shi. Man da za a sa kada ya wuce ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 a sa kamar ƙwayar wake. Ke za ki riƙa yi masa, har ya kai shekara 7.

Ga wani abu da yawancin iyaye ba su sani ba. Wajen shekara 6, lokacin da yaro ya fara famfara, turame huɗu suna fitowa can baya, biyu sama biyu ƙasa. Babu haƙorin da ke faɗuwa kafin su fito, shi ya sa ake zaton na yarinta ne. Alhali na dindindin ne. In suka ruɓe aka cire, babu wasu a bayansu. In kin koma gida yau, ki buɗe bakin ɗanki a cikin haske ki duba su.

In haƙori ya fara ciwo, kanumfari da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zafi, amma ba sa toshe rami. Kada a sa ruwan batir ko fetur, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi. Ƙona wurin suke yi. A je asibiti da wuri. Ƙaramin rami cike shi ake yi, haƙori ya zauna. Asibitin Gwamna Awan yana nan Kakuri kusa da mu, can ƙetaren gada kuma akwai Asibitin Barau Dikko, inda ake da likitocin haƙori.

Akwai wata cuta mai suna noma. Sunan asibiti ne, ba ruwanta da aikin gona. Tana kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda ba sa samun isasshen abinci, ko suka tashi daga ƙyanda. Daga dasashi take farawa. Cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci, kuma yawancin yaran da ba a yi wa magani ba ba sa rayuwa. Tun 1999 akwai asibitinta na musamman a Sakkwato. Amma in an gano ta da wuri, maganin asibitin kusa ya isa ya tsayar da ita. In kin ga dasashin yaro ya yi miki yana jini, baki yana wari, kunci ya kumbura, kada ki jira gari ya waye sau biyu. Goya shi ki tafi asibiti a ranar.