Gyara Ya Warware a Hanya: A Kan Wa Lamuni Yake?

Masu martaba sarakunanmu, malamanmu, shugabannin direbobi da na masu gyaran mota da babur, iyaye da ƴan uwa na Hamdara, ina gaishe ku, ina kuma godiya da kuka bar sana'o'inku kuka zo.

Da abin da ya same ni zan fara. Wata shekara na kai motata garaji a Damagaram saboda kukan da ƙafar gaba ke yi. Bakanike ya ɗaga ta, ya girgiza tayar, ya ce boris ne, wanda wasunmu ke kira rulma. Na ba shi kuɗi, ya aiki yaronsa kasuwa, aka sa sabo. Ba a rufa mako biyu ba, na wuce Mirya kaɗan, ƙafar ta ɗauki zafi har da hayaƙi, na kwana a bakin hanya. Da na koma, bakanike ya ce aikinsa ba shi da aibi, kayan ne jabu. Mai shago ya ce kayansa masu kyau ne, wajen sawa aka ɓata su. A magana ɗaya kawai suka haɗu: Malam, haka Allah ya so, sai haƙuri. Na yi haƙurin, na sake biya. Na san a cikin wannan taro akwai waɗanda suka biya irin wannan kuɗi sau biyu, wasu kuma abin da suka rasa ya wuce kuɗi, domin burkinsu ne ya ƙi ci da fasinja cike da mota.

Duk mun yi imani da ƙaddara. Amma malaman da suka koya mana imani da ita su ne suka koya mana lamuni. A cikin Mudawwana, babban kundin mazhabar Malikiyya, akwai babi sukutum a kan lamunin masu sana'a. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta taɓo hukuncin, wani alƙalin Maroko kuma, Ibn Rahhal, wanda ya rasu a 1728, ya rubuta littafi guda a kansa. Asalin ƙa'ida ita ce wanda aka ba ajiya ba ya biya sai in ya yi sakaci. Sai Malikawa suka ware mai sana'ar da ya buɗe ƙofa ga jama'a, kamar maɗinki da marini da maƙeri, suka ce idan ya karɓi kayanka ya shige da su wurin aikinsa suka salwanta, shi zai biya, sai in ya kawo shaidar cewa ba da hannunsa ba ne. Dalilinsu maslahar jama'a ce: mutane ba su da makawa sai sun kai, kuma ba sa ganin abin da ake yi bayan sun juya baya. Ku gaya mini, wace sana'a ce a yau ta fi cika wannan siffa kamar gyaran mota? Ka ajiye makulli ka tafi, an kwance, an ɗaure, an rufe, kai dai ƙarar inji kake ji.

A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya riƙe Damagaram har 1884, maƙeran birni sun kai ga ƙera igwa. A lokacin wanda ya narka ƙarfe da wanda ya ƙera shi galibi ƴan yanki ɗaya ne, ga kuma sarkin maƙera da za a kai wa ƙara. Yau boris ɗin da ke ƙafar motarka ana iya yin sa a Sin ko a Nnewi, ko a ciro shi daga matacciyar mota a Turai, ya sauka a Legas ko Lome, ya kwana a Ƙofar Ruwa ta Kano, ya shigo ta Ɗan Barto da Matamaye. Hannu nawa ya bi? Kowane hannu ya ci riba, in abu ya ɓaci kuma kowa ya nuna na bayansa.

Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Kundin dokar mu'amala da Nijar ta gada daga Faransa, a sashe na 1641, ya ɗora wa mai sayarwa nauyin aibin da ke ɓoye a cikin haja, wanda ya hana ta yin aikin da aka saye ta dominsa. Sashe na 1644 ya ba mai saye zaɓi: ya mayar a ba shi kuɗinsa, ko ya riƙe a rage masa. Idan mai sayarwa ya san aibin ya ɓoye, sashe na 1645 ya ce har asarar da ta biyo baya zai biya. Wannan bai yi nisa da abin da fiƙihu ke kira zaɓin aibi ba. Saboda haka kalmar nan ta bakin shago, cewa in an saya ba a mayarwa, ba ta wanke wanda ya san jabu ne ya zuba a kwalin na asali. A Faransa kuma kotuna sun daɗe suna bin cewa idan mota ta lalace a daidai wurin da aka gyara, ana ɗaukar laifin mai garaji ne har sai ya nuna akasin haka. Sai dai wa zai bar Hamdara ya yi ta zirga-zirgar kotu a kan kayan jika goma, babu rasit, babu shaida?

Ga inda na tsaya. Lamuni yana bin wanda ya zaɓa da wanda ya sani. Idan na ba bakanike kuɗi na ce ya sayo, ya zama wakilina kuma masanina, shi ya duba kayan ya ce sun yi. In sun mutu da wuri, wurinsa zan koma, ya sake aikin ba tare da kuɗin hannu ba, shi kuma ya bi mai shagon da suka saba. Ban san mai shagon ba, shi ya san shi, wani lokaci har da ɗan lada a tsakaninsu. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kuwa ni na zo da kayana, ko ya ce mini ga mai kyau ga na araha na ce a sa na araha, to wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ya rage a wuyan bakanike a nan shi ne ingancin sawa, da faɗin gaskiya kafin ya sa. In ya ga kayan burki ne marasa kyau, ya ƙi sawa, domin rayukan da ke cikin motar ba su shiga cinikin ba.

Mu masu mota ma ba tsarkaka ba ne. Motar da aka yi wa mutum tara, a loda mata buhunan gero da awaki ranar kasuwa, a bi ramuka da yashi da ita, ba za a ɗora wa mai gyara mutuwar ƙafarta ba.

To ta yaya za a gane? Ƙarfe yana ba da shaida ga wanda ya iya karanta shi. Boris ɗin da aka matse fiye da kima ko aka bar shi babu giris yakan canza launi ya yi shuɗi saboda zafi. Wanda aka buga da guduma yakan bar ƴan lotsa a jere a kan zobensa. Wanda ƙura ta shiga za a ga ya karce. Tsohon bakanike mai gaskiya zai duba ya faɗi inda matsalar ta fi karkata. Shi ya sa babban kuskurena a waccan rana shi ne barin mataccen boris ɗin a bakin hanya.

Abin da nake roƙon shugabannin direbobi da na masu gyara su zauna a kai kaɗan ne. Kowane garaji ya ajiye littafi, ko da ajami, a rubuta rana, da abin da aka canza, da wanda ya sayo, da ko sabo ne ko ɗan Beljiyam, wato wanda aka taɓa amfani da shi. Wanda ba ya rubutu ya ɗauki hoton kayan da kwalinsu a waya, ya aika wa mai mota. A mayar wa mai mota da tsohon da aka cire. A yanke kwanakin gwaji tun kafin a ɗaura, kowane kaya da nasa, domin batir da famfon mai ba ɗaya ba ne. Sannan a zaɓi dattawan sana'a uku, waɗanda ba su da hannu a aikin, su riƙa duba kayan da ya mutu. Doka ta ba sarakunanmu ikon sulhu, amma mai martaba ba zai iya duba zoben boris ba. Idan waɗannan dattawa suka faɗi abin da suka gani a gabansa, sulhun zai tsaya a kan hujja. Ina fatan kafin a watse yau a fara kawo sunayensu.