Jawabi kan gatari da amanar icce a kwarin Majiya



Duk wanda ya ratsa kwarin Majiya, a gundumar Buza, ya san layukan dogon yaro da suka kewaye gonaki. A shekarar 1975 ne ma'aikatan gandun daji, da tallafin ƙungiyar CARE, suka fara dasa su jeri biyu-biyu, da tazarar kimanin mita 100, domin tare iskar da ke binne shukar hatsi da rairayi. A Keita kuwa, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa tun 1984 ya dasa miliyoyin itatuwa.

Itatuwan sun manyanta, kasuwannin Madawa da Tawa na neman sandunan rufi da iccen girki. Anan haɗarin yake. Ɗan kasuwar da ya ɗauki ƴan sara yana biyansu kan kowace amalanke, ya koya musu saran gindi ke nan. Alhali dogon yaro, in aka datse shi sama da tsayin mutum, yakan sake toho inda bakin akuya ba ya kaiwa.

Saboda haka wajibi ne mai ɗaukar ƴan sara ya nemi izinin gandun daji, ya biya ladan aiki kan kowane icce, ya kuma shirya da mai gona, wanda dokar 2020 ta ba shi iko kan iccen da ya raya ta sassaben zamani. Ma'aikacin da ya sa hannu kan takarda bai je ya ga wurin ba, shi ma da hannunsa a kan ƙotar gatarin.

Allah ya ba mu damina mai albarka.